Sunayen da Ke Bangon Masaƙa

Zafin bana ya hana ni zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma a soro, kafin in zagaye carbi sau ɗaya na naɗe ta na koma gindin darbejiya, can ma in sake tashi. Mai ɗakina ta ce tsufa ne ya zo mini da ƙaiƙayin ƙafa, na bar ta a haka. Ni na san wannan ƙaiƙayin, kuma ba zafi kaɗai ya tayar mini da shi ba. Akwai wani matashi a layinmu nan Hotoro mai jan adaidaita sahu, matarsa ta rasu sati uku da suka wuce. Sau biyar sau shida yake wucewa ta ƙofar gidana a wuni, babu fasinja, masu ɗaga masa hannu ma ba ya ganinsu. Mutane na yaba masa, wai ya yi tawakkali ya koma nema da wuri. Ni dai na san ba nema yake ba.

Haka na yi, ni kuma a kan keke, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, cikin shekarun tamanin, zamanin da sai an bi layi ake samun sabulu da madarar gwangwani. Ina aiki a wata masaƙa a Bompai, muna zaune a gidan nan da mahaifiyata, Inna, da matata Sa'ade. Shekararmu ɗaya da rabi da aure. Ta haihu ranar Laraba, mace, muka yi murnar kwana ɗaya. Jini ya ƙi tsayawa. Ranar Juma'a da hantsi, saura kwana goma sha biyu a kama azumi, ta cika, kafin la'asar mun kai ta.

Aka yi zaman makoki kwana uku a ƙofar gida. Ba irin na yanzu ba ne da ake kafa rumfa a jera kujeru, rabin ta'aziyyar kuma ta waya take zuwa. Tabarmi ne a inuwar katanga, inuwar na matsawa muna binta. Duk wanda ya zo sai ya yi addu'a a shafa, ya ce, “Ya haƙuri?” in ce, “Da godiya.” A maƙabarta idona ya kawo ruwa, ƙanen mahaifina ya matse mini kafaɗa ya ce, “Kul, Garba. Addu'a take buƙata yanzu.” Na haɗiye. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a ƙasan maƙogwaro, ba ya hawa ba ya sauka. Rana ta huɗu aka naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa, kuma ba laifinsu ba ne, iyakar abin da aka tanada ke nan.

Ranar suna aka raɗa wa jaririyar sunan uwarta, sai ya zamana ba mai iya furta shi, Inna ta ce a kira ta Larai. Ni ko kallonta ban yi ba, kuma a nan al'ada ta rufa mini asiri. 'Yar fari ce, a lokacin kuwa ba a san uba ya ɗauki ɗan fari a gaban mutane ko ya kama sunansa ba. Sai aka yi ta cewa Garba akwai kunya, irin mutanen da. Ba kunya ba ce. Tsoro nake ji, kada in leƙa cikin zanen nan wani abu ya ɓalle a cikina wanda ban san yadda zan mayar da shi ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, zan faɗa tunda na tsufa: haushinta nake ji, ita ta zo, uwarta ta tafi.

Inna ce kaɗai ba ta ruɗu ba. Maƙwabcinmu Malam Habu tela, matarsa Tabawa tana goyon ɗan wata huɗu, ita ta karɓi Larai tana shayar da ita tun ranar rasuwa, ba wanda ya roƙe ta. Washegarin suna Inna ta tare ni a soro ina fitar da keke.

“Garba, tsaya. Tabawa ta yi mana kara, amma matar mutum ce, ba a barin abu haka sakaka. Ka shiga wurin Malam Habu ka roƙe shi ya yarje mata ta shayar da yarinyar nan har yaye. Ba zai ƙi ba, bakin uba kawai yake jira.”

“To, Inna.”

“Ba ‘to’ ba. Dangin uwarta sun ce ranar sadakar arba'in za su tafi da ita ƙauye, yayar marigayiya tana da goyo. In ka yi magana ina da abin da zan tsaya a kai. In ba ka yi ba, da wane bakin zan hana su?”

“Gobe in Allah ya kai mu zan shiga.”

Daga soronmu zuwa shagon Malam Habu taku goma sha biyar ne. Na hau keke na wuce ta gabansa, na ɗaga masa hannu ban tsaya ba.

Masaƙar tamu yanzu ma'ajiyar buhuna ce, an ce in ka yi tari a ciki sai ya amsa maka. A lokacin kuwa ko aradu ta faɗi ba ka ji. Injunan saƙa ne layi bayan layi, kowanne yana wurga ƙoshiya, ɗan katakon nan mai kai zare ya komo, yana dukanta ba hutawa. Ba a buɗe taga, don zare ba ya son busasshiyar iska, har ma tururi ake feso mana daga sama. Burbushin auduga na manne wa gumi, kafin hantsi duk mun yi furfura. Magana da baki babu ita, sai da hannu. In ka taɓa kunne, zancen mace ake. In ka kwantar da tafin hannu, inji ya mutu.

Ranar da na koma na nufi injunana na tsakiyar ɗaki, sababbi, waɗanda na shekara uku ina jira kafin a ba ni, sai na tarar da wani a kansu. Helumanmu, wato shugaban masu saƙa, wani gajeren dattijo ne daga kudancin Kaduna, Baba Bitrus. Ya kama hannun rigata ya ja ni har ƙarshen ɗakin, kusurwar da mu samari muke kira Gidan Yari. Tsofaffin injuna huɗu ne a can, kusa da babbar fankar da ke tura tururi, inda ƙarar ta fi ko'ina. Mai aiki a wurin bayansa yake bai wa kowa, gabansa bango. A saninmu mai laifi ake kaiwa, don mun sha ganin mutum ya yi wata ɗaya ko biyu a can, ido jajur, ba ya son magana. Bangon kuwa duk an kakkarce shi da sunaye, wasu da boko wasu da ajami, yawanci na mata. Muka ce malalata ne, an kawo su horo sun ɓuge da rubuta sunayen 'yan matansu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin hutu na sami Baba Bitrus a gindin tankin ruwa yana cin gurasa.

“Oga, me na yi?”

“Ba ka yi komai ba, Garba.”

“To me ya kai ni Gidan Yari?”

“Ka zauna can tukuna. In lokaci ya yi zan dawo da kai.”

“Wane lokaci?”

“Kai ne za ka gaya mini,” ya ce, ya ci gaba da taunarsa.

Na tafi ina cewa dama mutumin nan ya daɗe yana neman hanyar da zai bai wa ɗan garinsu injunana. Allah ya yafe mini, har na faɗa wa mutum biyu haka.

Aka kama azumi. Tun hantsi kwalta take laushi a ƙarƙashin taya. Famfon unguwa ya ƙafe, rijiyar gidanmu guga sai ya kankaro laka, 'yan garuwa suka zama abin lallashi. Da rana mutane na jiƙa zani su lulluɓa, kafin su juya ya bushe. Kullum la'asar hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har sau biyu. A ɗakin saƙa kuwa mai azumi na tsaye awa takwas cikin tururi, harshe ya bushe ya manne wa dasashi, kana ganin ruwa na ɗiga daga bututu ba damar lasa. Abokan aikinmu Kirista suka daina shan ruwa a gabanmu, sai su zaga bayan tanki.

Na ɗauki Gidan Yari da zuciya. Na ce sai na fitar da yadin da ya fi na kowa a kan tsofaffin injunan nan, a ji kunya. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne Malam Sule, wani dattijo ɗan Dorayi da ke layin bayana. Da zarar zare ya tsinke mini a inji ɗaya ina kan wani, sai in ga ya sulalo ya ɗaura ya koma, ko kallona ba ya yi. Na ɗauka an ce masa ban iya aiki ba ne. Wata rana kuma na fito na tarar an ɗaure mini gwangwanin madara a bayan keke, a lokacin da mutum ke wuni a layi bai samu ba. Na kai wa Inna, ban tambayi wanda ya ɗaura ba, ban gode wa kowa ba.

Ƙarfe biyu ake tashinmu. Daga Bompai zuwa Hotoro ba nisa, amma hannuna ba ya yarda ya juya keken wajen gida. Sai in miƙe cikin ranar nan, in ratsa Fagge, in bi bayan ganuwa, in faɗa Sharaɗa. In tsaya a ƙofar wani kamfani kamar mai neman aiki, in karanta allon da ke cewa babu aiki, in wuce. Wani lokaci har Challawa, inda warin jima ke tarar mutum tun daga nesa. In na tsaya sai in ji kamar ana kirana a gaba, in na isa ba kowa. Inda magariba ta same ni nan nake shan ruwa, a masallacin da ba a san ni ba, a miƙo mini kunun tsamiya da ƙosai biyu ba mai ce mini ya haƙuri. Bayan asham in lallaɓo in kwanta a soro. Ɗakinmu ban sake shiga ba. Daga soron nake jin kukan Larai, siriri, kuma na iya bambanta shi da na ɗan Tabawa ba da son raina ba. Da sahur Inna za ta ajiye mini kwano ta ce, “Ka shiga wurin Malam Habu?” in ce gobe. Daga baya ta daina tambaya, sai dai ta faɗi kwanakin da suka rage ta juya.

Ana saura kwana shida arba'in surukata ta iso, Iya, tare da babbar 'yarta Yaya Hajara da goyonta. Garinsu yana gabas, gaba da Wudil, manoma ne, sun ce tunda ruwa bai sauka ba gara su zo da wuri su zauna har sadaka. Na tsuguna daga bakin ƙofa na gaishe su kaina a ƙasa. Iya ta daɗe tana kallona, ta ce, “Ka rame, ɗan nan.” A ranar Yaya Hajara ta sa wa Larai nono, ta kama. Inna ta biyo ni soro ta ce har yanzu da sauran dama, amma ta ƙanƙance. Na ce na ji.

Kwana uku bayan haka na shiga aiki. Zafin ranar daban ne, iska ta tsaya cak. Wajen sha biyu zare ya tsinke, na kama bakin biyu zan ɗaura, ɗaurin da nake yi ido rufe, yatsuna suka ƙi. Na yi, na sake, zaren na zamewa. Malam Sule ya sulalo kamar kullum ya miƙo hannu. Ban san lokacin da na bangaje shi ba. Dattijo sa'an ubana, mai azumi, ya yi taga-taga ya dafa inji, hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe ya koma layinsa.

Sai ga Baba Bitrus. Na ce shi ke nan yau kora ce, har na ji wani sanyi-sanyi, don ko ba komai zan sami dalilin barin garin. Bai nuna mini ƙofa ba. Ya kama wuyan hannuna ya kai ni jikin bango, ya ɗora yatsana a kan wani suna da aka karce da boko: Rahila. Ya bugi ƙirjinsa. Ya sauke hannu daidai ƙugunsa, tsayin yarinya 'yar shekara shida ko bakwai, sannan ya kwantar da tafin. Ya matsa da yatsana kan wani na ajami, Hauwa'u, ya taɓa kunne, ya nuna Malam Sule, ya sake kwantar da tafin. Ya nuna wani sunan, ya nuna mai gyaran inji da ke wucewa. Ina tsaye ina bin bangon da ido, sunayen da na yi wata guda ina yi wa kallon shashanci. Da muna da lura da tuni mun gane irin mutanen da ake kawowa kusurwar nan, amma mu samari ba ma riƙe mutuwar gidan wani a ka.

Ya zaro wata ƙusa daga tsagar bango, ta sha hannu har tana ƙyalli, ya sa mini a tafi. Ya buɗe bakinsa iyakar buɗewa, ya nuna injuna, ya nuna kunnuwansa, ya kaɗa hannu: ba mai ji. Ya tafi ya tsaya a bakin layin ya ba ni baya.

Na sami ɗan fili ƙasa da Hauwa'u na fara karcewa. Harafi biyu na yi. A na uku abin nan da ya tsaya mini a maƙogwaro ya taso, na buɗe baki na kira ta. Ban ji muryata ba, sai dai na ji ta a haƙarƙarina. Na sake kira. Na gaya mata ban iya komai ba tunda ta tafi, na gaya mata ina jin haushin 'yarta kuma ina jin kunyar haka. Na dafa bango ina ihu iyakar ƙarfina, majina da hawaye da burbushin auduga duk sun haɗu.

Ashe a waje hadari ya haɗu, wannan karon bai watse ba. Iskar farko da ta bugo sai aka ɗauke wuta. Injuna suka yi wani dogon nishi suka mutu gaba ɗaya, ɗakin ya yi duhu, ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan murya ɗaya ce ta rage, tawa, tana kiran “Sa'ade!” a gaban duk mazan masaƙa. Na ji ta ta bugi bango ta dawo. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma na kasa tsayar da kukan.

Sai na ji ƙwang! Baba Bitrus ne ya buga sifana a jikin inji. Ya sake bugawa. Malam Sule ya karɓa, na gaba da shi ya karɓa, kafin ka ce me duk ɗakin ya kaure, kowa da abin da ya samu, sifana, guduma, ƙoshiya, suna dukan ƙarfe a cikin duhu, ba wanda ya waiwayo. Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi ya taya su. Haka suka yi ta yi, masu azumi da marasa azumi, har aka tayar da janareta injuna suka ɗauka. Ni kuma na ƙarasa abin da na fara, da kukan da sunan.

Da aka tashi na sami Malam Sule a bakin famfo yana alwala. Na tsuguna zan ba shi haƙuri, na buɗe baki, sai iska. Muryar ta dushe.

“Bar shi,” ya ce. “Ni kwana uku na yi na gane abin da aka kai ni yi. Kai kam, Garba, wata guda! Har mun fara tunanin ko sai an rubuto maka a takarda.”

Baba Bitrus na gefe ya kare kai da kwali. Na juya masa tafin hannu, alamar tambaya: me ya sa ba ku faɗa mini ba?

“In an faɗa wa mutum ba zai je ba,” ya ce. “Wane namiji zai yarda a ce an kai shi wurin kuka? Mu ma haka muka tarar. Je ka gida, yarona. Gida fa, ba yawo ba.”

Ashe har yawon sun sani. Na san akwai malaman da za su ce abin da na yi ya wuce hawayen da aka yarda da su, kuma na nemi gafara. An ce yanzu akwai wuraren da ake zaunar da wanda aka yi wa rasuwa a saurare shi, na ji daɗin jin haka. Mu bango muka samu da ƙusa.

Ranar na juya keken wajen Hotoro. Kwatoci sun cika, ƙanshin ƙasa ya game gari. Ina taka feda ina shirya maganar da zan yi wa Malam Habu, ko da raɗa ce, ko da hannu. Na ce a raina saura kwana uku, ai da lokaci.

A soro na yi karo da ƙullin kaya. Ruwa ya tsagaita, Iya da Yaya Hajara sun yi lulluɓi suna sallama da Inna. Hadarin daga gabas ya taso, ta kan garinsu ya biyo, kuma ba za su kwana a birni ba alhali ruwan shuka ya sauka. Sadakar arba'in sai dai su yi tasu a can. Larai na hannun Yaya Hajara a naɗe. Na jingine keken na durƙusa a gaban Iya, ruwa na ɗiga daga jikina. Na tattaro abin da ya rage a maƙogwarona, ya fito kamar ana jan tsintsiya a ƙasa.

“Iya, ku bar mini ita. Yanzu zan shiga wurin Malam Habu.”

Inna ta juya ta fuskanci bango. Iya ta sunkuyo don ta ji, na maimaita. Ta daɗe tana duban idanuna da suka kumbura.

“Da ka faɗi haka ranar da muka zo, da na bar ta,” ta ce. “Kwana uku ina zaune ina jiran ka leƙo ka ce ina yarinyar. Yanzu ta kama nonon Hajara, ni kuma na sa rai. Ɗan nan, na ba ka ɗaya, da na zo kabari aka nuna mini. Ban ce laifinka ba ne, Allah ya sani. Amma wannan ka bar ni in ga girmanta.”

Na miƙe na goge hannuwana a jikin riga, rigar ma jiƙaƙƙiya, na miƙa su wajen Yaya Hajara. Ta dubi uwarta, don ba a saba ganin uba ya karɓi 'yar fari a gaban surukai ba. Iya ta ce, “Ba shi.”

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na buɗe zanen, ta dube ni da irin kallon da jarirai ke yi wa baƙo. Na nemi haushin nan na rasa. Ni na ɗauke ta har bakin titi a gaban duk unguwa, ina zagaye kowane kududdufi ta hanya mai nisa, su Iya ba su ce in yi sauri ba. Motar farko ta zo cike, na ji daɗi. Ta biyu ta tsaya.

Yaya Hajara ta shiga ta zauna ta miƙo hannu. Iya ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota ta ce, “Yi mata magana mana, ta tafi da muryar ubanta a kunne.”

Na kai bakina kunnenta. Na gwada Larai, na gwada sunan yanka. Ko raɗar babu, na ƙarar da ita a soro. Numfashi kawai na hura mata, ta yamutsa fuska ta kau da kai. Kwandasta ya bubbugi mota, na miƙa ta.

Na je ganinta da sallah, na ci gaba da zuwa duk wata. Da aka yaye ta Iya ta ce a bari ta yi wayo, da ta yi wayo aka ce ta saba. Can ta girma, can aka yi mata aure, mijin Yaya Hajara take kira Baba. Tana zuwa gaishe ni da 'ya'yanta, tana durƙusawa har ƙasa, ba ta taɓa ɗaga mini ido ba. Baban Kano take ce mini.